Kifi 7 sun mutu cikin kwana 6: ruwan Maradi ne ko laifina ne?

Ɗan_Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawara tun kafin sauran su bi sahu. Na sa mai yankan gilashi ya haɗa mini akwatin kifi, tsawo santimita 80, faɗi 35, tsayi 40. Ran Juma'a na cika shi da ruwan pampo, na zuba tsakuwa, na kunna ɗan filtir ɗin da aka haɗo mini da shi, wato injin tace ruwa mai soso a ciki. Bayan la'asar na saki kifi 12 da wani ya kawo daga Kano: jajayen nan da ake kira golfish guda 4, gupi 6, sai baƙaƙe 2 masu lasar gilashi. Kwana biyu lafiya lau, har yara ba su son tafiya lakkol. Ran Talata ruwan ya yi fari kamar an ɗiga nono, kifin suka taru a sama suna ta buɗe baki. Yau Alhamis 7 sun tafi. Na kira wanda ya sayar mini, ya ce wai ruwan Maradi ne bai karɓe su ba, pH ɗinshi (lambar awon ruwa da ke hawa in tsami ya ragu) ya yi yawa. Na samo takardar gwaji, ta nuna 7.8. To mi ake zubawa ya sauko zuwa 7?

Sani_Kabukabu:
Wa alaikumus salam. Matsa lemun tsami rabi. Tsami ai shi ke sauke shi.

Mushe_SVT:
Don Allah Ɗan Bagalam kada ka matsa komi. Ajiye lemun, a sha shayi da shi. 7.8 ba ya kashe gupi, ba ya kashe golfish, su ma irin ruwan da suke so ke nan. Abin da ya kashe kifinka kashinsu ne da fitsarinsu.

Ga yadda abin yake. Kifi yana fitar da amoniya, mafi yawanta ta matsefin da yake numfashi da shi, abincin da ya rage a ƙasa shi ma yana ruɓewa ya ba da amoniya. A gulbi ruwa yana da yawa, yana tafiya da ita. A akwatinka ba inda za ta. 80 sau 35 sau 40 lita 112 ke nan, in ka cire tsakuwa da sararin sama, ka ce lita 100. Masu kwashe wannan gubar wasu ƙwayoyin bakteriya ne iri biyu. Na farko su mai da amoniya nitirit, wanda shi ma guba ne. Na biyu su mai da nitirit nitirat, wanda kifi ke iya jurewa in bai taru ba, kai kuma ka rage shi da canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyi ba su zuwa a cikin kwalin sabon filtir. Sai sun hayayyafa a jikin soso da tsakuwa, kuma suna da nawa, abin yakan ɗauki sati 4 zuwa 6. Kai ka kawo baƙi 12 gidan da ba a gina masai ba.

Hajiya_Mokoyo:
Mushe, wannan misalin naka ya sa ni dariya amma gaskiya ne. Ni ma haka na yi asara shekarar farko. Daga baya aka ce mini sai an bar ruwa ya nuna.

Mushe_SVT:
Hajiya, gyara kaɗan: ba ruwan ne ke nuna ba, soson ne. Ƙwayoyin manne suke da abu, ba yawo suke cikin ruwa ba. Shi ya sa in kin ba mutum bido guda na tsohon ruwanki kusan ba ki ba shi komi ba, amma in kin yanko mishi gefen tsohon sosonki kin ba shi jari.

Mai_Tarwaɗa:
Ku ƴan boko kuna da wahalar da kai. Shekarata 8 ina kiwon tarwaɗa a kwarmin siminti, ban taɓa auna wani pH ba. In ruwa ya yi wari in zubar in cika sabo, shi ke nan. Ɗan Bagalam, kifin da aka sayar maka ne marasa ƙwari, ƴan gayu. Sun sha hanya tun daga Kano cikin leda, su ƙetaro Jibiya da Ɗan Isa cikin rana, mi kake jira?

Rabi_Labo:
Alhaji Mai Tarwaɗa, maganar wahalar hanya na yarda da ita. Amma tarwaɗa ba abin auna sauran kifi ba ce. Tana da wata gaɓa a bayan matsefinta da take shaƙar iskar sama da ita kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a ruwan da zai kashe wani kifin cikin dare ɗaya. Kuma canjin ruwan da kake yi in ya yi wari, ai amoniyar kake zubarwa, sunanta ne kawai ba ka kira ba.

Mai_Tarwaɗa:
To ƴata, na ji. Amma dai hancina bai taɓa cin jika goma ba.

Ɗan_Bagalam:
Na gode ƙwarai. To yanzu sauran 5 ɗin fa? Golfish 2, gupi 2 da baƙi 1. In zubar da ruwan duka in wanke komi da omo?

Ali_Gilashi:
A'a! Sabulu ko omo kada su kusanci akwatin nan har abada. Ka yi haka: yau ka cire rabin ruwan ka mayar da sabo, gobe ma ka cire kamar kashi ɗaya cikin uku, haka kullum har gwaji ya nuna sifili. Sabon ruwan ya zama wanda ya kwana a buɗe, kuma zafinshi ya yi kusa da na ciki. Abinci ka rage sosai, ɗan abin da za su cinye cikin minti 2, sau ɗaya a yini, wani lokaci ma ka tsallake rana. Kifi ba ya mutuwa don yunwar kwana ɗaya. Na san yara ne ke zuba musu duk sanda suka wuce, ɓoye gwangwanin.

Soson filtir kada ka wanke shi a bakin pampo. Ruwan pampo akwai jabel a ciki don kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba ya bambance na kirki da na banza. In soso ya toshe, ka ɗan matse shi cikin bokitin ruwan da ka ciro daga akwatin.

Ina unguwar Zariya 2, ina da akwati mai shekara 3. Zo bayan magariba in yanko maka soso. Ka taho da leda da ɗan ruwa, kada ya bushe a hanya.

Ɗan_Bagalam:
Allah ya saka da alheri Malam Ali. Maganar yara kuwa kamar kana gidan. Ƙaramar har biskit ta marmasa musu.

Nana_Sabongari:
Tambaya: farin da ruwan ya yi, su ne ƙwayoyin da Mushe ke faɗi?

Mushe_SVT:
Ba su ba ne. Wasu ne daban masu cin ruɓaɓɓen abinci, su suna hayayyafa da sauri, shi ya sa ake ganinsu kamar hazo. Suna bajewa da kansu cikin ƴan kwanaki. Illarsu ita ce suna shan iskar da ke cikin ruwan, ga kifi a sama yana haki.

Bari in koma kan pH, tunda shi ne asalin tambayar. Akwai wani abu guda da mai sayar da kifin ya taɓo ba tare da ya sani ba. Amoniya a ruwa kashi biyu take: mai guba sosai da mai sauƙi. Yadda pH da zafi ke hawa, haka mai gubar ke ƙaruwa. A ruwa mai zafin digiri 30, in pH 7 ne, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. In pH 8 ne, ta wuce kashi 7. Ka ga a 7.8 da zafin garin nan, amoniya kaɗan ma ta isa ta yi ɓarna. Amma maganin shi ne a kawar da amoniyar, ba a yi kokawa da pH ba. In ka matsa lemu zai sauka na ƴan awoyi, gishirin da ke narke a ruwan ya sake tura shi sama, kifi ya sha hawa da sauka. Kuma ma'aunin nan ba kamar tsani ba ne, tsakanin 7 da 8 ninki 10 ne.

Sani_Kabukabu:
To na janye lemuna. Amma in ya yi ƙasa da yawa fa? Kanwa ba ta yi? Tsofaffinmu da ita suke kashe tsami.

Rabi_Labo:
Sani ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni matsalata kishiyar ta Ɗan Bagalam ce. Gidanmu ruwan foraj muke sha, da na auna sai na samu 6.8, na ce madalla. Na fara renon soso ba kifi a ciki, ina jefa ɗan abinci kullum ya ruɓe. Sati na biyu nitirit ya bayyana, na yi murna. Sati na uku komi ya tsaya cik, amoniya ba ta sauka, kwana da kwanaki. Da na sake auna pH sai na tarar ya faɗi ƙasa da 6. Ruwa ba ya tsami banza: su kansu ƙwayoyin suna fitar da tsami yayin aikinsu, suna cinye kabonet ɗin da ke cikin ruwa. Wannan kabonet shi ake aunawa da sunan KH, shi ne birkin da ke riƙe pH. Nawa bai fi digiri 1 ba, birkin ya ƙare, kuma ƙasa da 6 ƙwayoyin kusan barin aiki suke.

Abin da na yi: bikarbonat na farmasi. Ƙaramin cokali 1 a lita 50 yana ɗaga KH da kamar digiri 4. Na narka shi a kofi na zuba, kwana biyu aiki ya ci gaba. Daga baya na daka ɓawon kumba na ɗaure a tsumma na sa cikin filtir, shi yana narkewa a hankali, ba sai na riƙa awo ba. In akwai kifi a ciki ba a zuba bikarbonat gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan ake yi cikin kwanaki.

Kanwa kuwa ban ba kowa shawara ba. Bikarbonat ko ka ɗan zarce, a wajen 8.3 yake tsayawa. Kanwa tana iya wuce nan, kuma kowane dunƙule da ƙarfinshi, ja daban, fara daban, ungurnu daban, ga ƙasa da gishiri a haɗe. A miyar kuka harshe ke gaya maka ta yi yawa. Kifi ba zai gaya maka ba.

Baƙon_Katsina:
Ku gafarce ni, baƙo ne ni a zauren nan. Ɗan Bagalam, yaushe ka auna 7.8 ɗin, kuma daga ina? Ruwan da ya fito daga famfo yanzu da wanda ya kwana a bokiti sukan ba da lamba daban, saboda iskar da ke narke a ciki tana fita. Ka ɗebi bokiti, ka bar shi awa 24, sannan ka auna. Wannan ce lambar ruwanka ta gaskiya. Idan na bokiti 7.4 ne na akwati 7.8, sai ka tuhumi tsakuwarka.

Ali_Gilashi:
Yawwa. Kuma ga inda lemun Sani zai yi amfani: ciro tsakuwa ɗaya, shanya ta, ɗiga mata lemun tsami ko binega. In ta yi kumfa tana ƙara, dutsen farar ƙasa ne, shi ke ɗaga pH. Ni yashin Gulbi nake sawa, na wanke shi ya fi sau goma har ruwan ya fito garau. Wankin yashin nan ya fi wankin bargo wuya.

Sani_Kabukabu:
Kun gani ko, ba a raina lemu.

Malam_Limanci:
Ni tambayata ta wani gefe ce. Tsare halittar Allah cikin gilashi don kallo kawai, babu nauyi a kai?

Hajiya_Mokoyo:
Malam kai ne masani. Ni abin da na riƙe shi ne hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya ajiye dabba, haƙƙin ci da shanta da lafiyarta yana wuyanshi. Shi ya sa ni nake ganin a fara renon soso ba kifi, yadda Rabi ta yi, ya fi a sa kifi ya sha guba ana koyo a kanshi.

Malam_Limanci:
Na gamsu da wannan Hajiya. Ku ci gaba.

Ali_Gilashi:
Ba na musu da Hajiya, amma a faɗi gaskiya: wa zai ajiye akwati wata guda a falo babu komi sai kumfa? Baƙi su zo su tambaye ka ina kifin, ka ce kana kiwon abin da ido ba ya gani? In an samu tsohon soso, aka sa ƙananan kifi 3 ko 4 a lita 100, ana canjin ruwa, lafiya lau ake wucewa. Na yi sau huɗu ban rasa ko ɗaya ba.

Rabi_Labo:
Kai kana da tsohon soso a hannu, kuma ka san alamun kifi in ya takura. Sabon shiga ba shi da ko ɗaya. Kuma ba tare da gwaji ba, lafiya lau ɗin nan zato ne. Hanyar da ba kifi tana da tabbaci: ka kai amoniya kamar miligiram 2 a lita, ran da ka ga cikin awa 24 amoniya sifili, nitirit sifili, nitirat ya bayyana, ka canja ruwa mai yawa ka kawo kifi. Takardar gwajin nan ma ban cika yarda da ita ba, zafi da laima suna lalata ta, kuma yawancinsu babu amoniya a jiki. Abin gwaji na ɗigawa na sa aka kawo mini daga Yamai.

Ali_Gilashi:
Ba kowa ke da ɗan uwa a Yamai ba, Rabi.

Tsohon_Masunci:
Yara, ni mamaki kuke ba ni. Ga tabkin Madarunfa nan kusa da ku, kuna sayen kifin da zai mutu in an ɗauke wuta. Ku zo in ba ku ƴaƴan karfasa. Uwarsu cikin baki take goyon ƙwai har su ƙyanƙyashe, wane kallo ya fi wannan? Ko gaiwa, wadda in ruwa ya ƙafe take shiga laka ta lulluɓe kanta har damina ta dawo.

Mushe_SVT:
Baba, Allah ya ƙara girma. Karfasa tana jure zafinmu, wannan ba musu. Sai dai tana girma ta wuce tafin hannu nesa ba kusa ba, tana tone yashi, tana tuge shuka, namiji kuma ba ya son maƙwabci. Lita 100 ta yi mata kaɗan. Kuma tunda an zo nan: wanda ya gaji da kifin waje kada ya kai shi Gulbi ko tabki ya saki, ya ba wani.

Ɗan_Bagalam:
Na karɓo soso wajen Malam Ali jiya da dare, har da shayi. Tsakuwar ba ta yi kumfa ba. Bokitin da ya kwana 7.8 shi ma, ke nan haka ruwan gidanmu yake. To in komi ya daidaita, wane kifi ya dace da shi?

Ali_Gilashi:
Ka zaɓi kifin da ya dace da ruwanka, ka huta. A 7.8: gupi, moli, filati. Dukkansu haihuwa suke ba ƙwai ba, gupi kusan duk wata take zuba ƴaƴa. Namiji 1 ga mata 2 ko 3, in ba haka ba mazan su hana macen sakat. Neyon mai shuɗin layi kada ya ruɗe ka, shi ruwa mai ɗan tsami yake so, kuma ba ya son ya wuce digiri 26.

Golfish ɗin nan biyu ka nema musu wani gida. Kifin ruwan sanyi ne, yana kai santimita 20 har fiye, kuma kashinshi ya fi na gupi goma. Baƙin mai lasar gilashi, in fileko ne na gama-gari, yana wuce santimita 30. Ana sayar da shi da sunan mai shara, alhali shi ma sai an share mishi.

Hajiya_Mokoyo:
Ni fa golfish ɗina shekara 4 ke nan suna nan daram, a Maradin nan. Sai dai a babban baho suke a inuwar zaure, ba gilashi ba.

Ali_Gilashi:
Baho mai faɗin baki a inuwa ai wani zance ne Hajiya. A kai miki na Ɗan Bagalam su zama huɗu.

Nana_Sabongari:
Ba wanda ya yi maganar bazara. Ni watan Afrilu da Mayu ne ke kashe mini kifi, ba pH ba. Waje ya wuce digiri 40, ruwan akwati ya kai 33, sannan a ɗauke kuran tsakar rana. Bara na dawo daga kasuwa na tarar da moli 5 a kife.

Mushe_SVT:
Ruwan zafi ba ya riƙe iska da yawa. A digiri 20 yana ɗaukar kamar miligiram 9 a lita, a digiri 30 kamar 7.5, ga shi kuma a zafi kifi ya fi buƙatarta. Su ma ƙwayoyin soso iska suke sha, in filtir ya tsaya awoyi da yawa suna raguwa. Akwai ɗan injin iska mai shiga USB, ka haɗa shi da batirin cajin waya ya kwana yana kumfa. Wanda ke da panno na hasken rana ya fi kowa hutu. Don sanyaya ruwa, buɗe murfin ka saita fanka tana busa saman ruwan, dabarar randa ce, yana sauke digiri 2 ko 3. Sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa, kuma abin da ya ƙafe ruwa ne zalla, gishirin yana nan. In ciko kawai kake yi ba ka canji, gishiri taruwa yake.

Sani_Kabukabu:
Ƙanƙara fa? Kada ku ce ita ma laifi ce.

Nana_Sabongari:
A cikin gora rufaffe, tana yawo a sama, guda ɗaya. Ba ka juye ƙanƙarar leda ciki ba. Da hunturu kuma akasin haka, dare ya yi sanyi ruwa ya sauka, sai ka ga fararen ɗigo kamar gishiri a jikin kifi. Ni bargo nake lulluɓa wa akwatin da dare, maigidana yana ta yi mini tsiya.

Ɗan_Bagalam:
Ga labari, yau kwana 12 da sa soson. Golfish suna gidan Hajiya. Ba wanda ya ƙara mutuwa. Rabi ta ara mini na ɗigawa: amoniya sifili, amma nitirit ya yi kalar shanshanbale, wajen miligiram 1 a lita. pH yana nan 7.8, ban taɓa shi ba. Baƙin yana ɗan haki da safe.

Rabi_Labo:
Rabin tafiya ke nan, na farko sun kama aiki, na biyu ne ba su cika ba, su suka fi nawa. Nitirit yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iska, shi ne hakin. Canja rabin ruwa yau. Ka narka ƙaramin cokali 1 na gishiri a lita 100 ɗin, yana rage shigar nitirit jikinsu. Kada ka ƙara kifi ko ɗaya tukuna.

Mai_Tarwaɗa:
Canjin ruwa da gishiri. Abin da nake yi tun kafin a buɗe zauren nan. Sai da kuka zagaya ta Yamai kuka dawo wurina.

Rabi_Labo:
Alhaji, bambancin shi ne mu mun san ranar da za mu daina.

Ɗan_Bagalam:
Wata matsalar kuma: da nake canjin ruwa yanzu na ga wasu ƙananan abubuwa kamar ƙwayar shinkafa masu ido suna ɓuya bayan soso. Na ƙirga 9. Gupin ce ta haihu a tsakiyar wannan rikicin. In cire su ko in bar su?

Ali_Gilashi:
Bar su, amma ka ɗaura tsumman gidan sauro a bakin tiyon da kake jan ruwa da shi. In kana da shukar ruwa ka jefa musu su samu maɓoya, uwar tana iya cinye su.

Hajiya_Mokoyo:
Barka da arziki. Biyu nawa ne, ladan renon golfish.